Yadda Ake Mayar da Giram Zuwa Cokali da Kofi Wajen Girki da Man Zaitun

Kwalbar man zaitun da aka rubuta wa 500 ml a jiki, idan aka juye man da ke cikinta aka ɗora a sikeli, ba za a ga giram 500 ba. Abin da za a gani wajen giram 455 ne. Ba tauye mudu kamfanin ya yi ba, kuma sikelin lafiyarsa ƙalau. Mai ne bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa ko a tukunyar miya yake tasowa ya kwanta a sama. Daga wannan 'yar tazarar ake samun yawancin kuskuren da ake yi idan tsarin girki ya zo da giram, alhali abin da ke hannun uwargida cokali ne da kofi da gwangwanin madara.

A da, a nan Kano, an fi sanin man zaitun a 'yar ƙaramar kwalba, wadda ake saya a shagon magungunan Musulunci tare da habbatus sauda da zuma, ko wadda alhazai ke kawowa tsaraba, a shafa ko a sha cokali guda da safe. Yanzu ya shiga kicin. Ana yin kek da shi, ana kwaɓa burodi, ana haɗa salak, wasu ma da shi suke cin garau-garau da ɗanwake. Kuma mai ne mai tsada, daga Sifaniya ko Italiya ko Girka ko Turkiyya ko Tunisiya yake zuwa, ba irin wanda za a tuttula da ka ba ne kamar man gyaɗa. Tsare-tsaren girkin da ake samu a intanet kuwa, na Turai da na masu gidajen burodi da giram suke zuwa, na Amurka da kofi. Dole a san yadda ake tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Nauyi daban, cika daban

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwar Dawanau ya san wannan ko bai san sunansa ba. Kwano guda ne, amma kwanon gero da kwanon gyaɗa mai ɓawo ba nauyinsu ɗaya ba. Kwano yana auna gurbin da abu ya cike. Sikeli yana auna nauyinsa. Giram da kilo awon nauyi ne. Mililita da lita da cokali da kofi awon cika ne. A ruwa kaɗai awon biyu suke haɗuwa, domin mililita 1 na ruwa giram 1 ne, lita 1 kilo 1. Saboda an saba da wannan a ruwa, sai hannu ya ɗauka haka yake a kowane abu mai zuba. Ba haka ba ne. Zuma ta fi ruwa nauyi sosai, mililita 100 nata yana kai giram 140. Mai kuma ƙasa yake.

Lambar da za ki riƙe ita ce 0.91. Mililita 1 na man zaitun giram 0.91 ne. A wasu wurare za ki ga an rubuta 0.92, ba saɓani ba ne, ainihin lambar tana tsakanin biyun ne idan an auna a wuri mai sanyin digiri 20. Mu a nan mun fi zaɓar 0.91 domin kicin ɗin Kano ba kasafai yake sauka digiri 20 ba, kuma mai yana ƙara saki idan ya ji ɗumi.

Idan giram aka ba ki kina neman mililita, ki raba da 0.91. Wannan lissafin da ka yana da wuya, amma akwai gajeriyar hanya wadda ta yi daidai da shi ƙwarai: ki ɗauki ɗaya bisa goma na lambar ki ƙara mata. Giram 100, ɗaya bisa gomansa 10 ne, ya zama mililita 110. Giram 60 ya zama mililita 66. Giram 250 ya zama mililita 275. Kilo 1 ya zama lita 1 da mililita 100. Ba a buƙatar kalkuleta, ko hannu na cikin kwaɓi za a iya yi.

Idan kuma mililita aka ba ki, ke kuma sikeli gare ki, ki ninka da 0.91. Da ka, ki cire 9 daga kowane 100. Mililita 200 giram 182 ne, mililita 750 giram 683, lita 1 giram 910. Inda mutane ke rikicewa shi ne su manta wace hanya ake ƙari, wace ake ragi. Abin tunawa: lambar mililita kullum ita ce babba. In kika gama lissafi kika ga giram ya fi mililita yawa, kin juya shi, ki sake.

Cokali da kofi

Cokulan awo na gaskiya, waɗanda ake sayarwa a haɗe da zobe a shagunan kayan kek, girmansu ƙayyadadde ne. Ƙaramin, wanda ake rubuta wa tsp, mililita 5 ne, yana ɗaukar man zaitun giram 4 da rabi. Babban, mai tbsp, mililita 15 ne, wato ƙananan uku, yana ɗaukar giram 13 da rabi zuwa 14. Kofi kuwa iri biyu ne ke yawo a kasuwa. Akwai mai mililita 250, yana ɗaukar giram 228. Akwai na Amurka mai mililita 240, ko 237 in za a bi ƙa'ida sosai, yana ɗaukar giram 215 zuwa 218. Ki juya kofinki ki duba gindinsa ko mariƙinsa, yawanci an rubuta. Duk lissafin da ke tafe da kofi mai 250 aka yi shi.

Ga adadin da aka fi cin karo da su a tsarin girki:

Giram 15: babban cokali 1, da ɗan ɗigo a kai.
Giram 25: babban cokali 2, a rage rabin ƙarami.
Giram 30: babban cokali 2 da rabin ƙarami.
Giram 50: babban cokali 3 da ƙarami 2.
Giram 75: sulusin kofi.
Giram 100: babban cokali 7 da ƙarami 1.
Giram 120: rabin kofi da ƙaramin cokali 1 da rabi.
Giram 150: kashi biyu cikin uku na kofi.
Giram 200: kofi 1, a kwashe babban cokali 2.
Giram 250: kofi 1 da babban cokali 1 da ƙarami 2.

Yana da kyau a kwafe wannan a takarda a manna a cikin murfin kabad. In kofinki mai 240 ne, a kowane cikakken kofi ki ƙara ƙaramin cokali 2, sai ya zama daidai da mai 250.

Akwai tarko biyu a tsarin girkin ƙasashen waje. Na farko, babban cokalin Ostareliya mililita 20 ne, ba 15 ba, wato giram 18 na mai. In tsarin daga can ya fito, cokali 3 nasu cokali 4 ne naki. Na biyu shi ne oz. Idan an rubuta oz kawai, yawanci nauyi ake nufi, kuma kowane ɗaya giram 28 ne da 'yan kai. Idan an rubuta fl oz, cika ake nufi, kowane ɗaya kusan mililita 30 a awon Amurka. To 4 oz na man zaitun giram 113 ne, wato mililita 125, rabin kofi cif. Amma 4 fl oz mililita 118 ne, giram 108. Daga nan ne ma 'yar kwalbar nan da ake gani ko'ina mai 88.7 ml ta samo wannan baƙuwar lamba, 3 fl oz ce aka mayar mililita. Man cikinta giram 81 ne, babban cokali 6 ba kaɗan. Haka kuma kwalbar da aka rubuta wa cl: a ƙara sifili ɗaya, 50 cl mililita 500 ne, 75 cl mililita 750.

Babbar matsalar ba a lissafi take ba, a cokalin take

A nan ya kamata a tsaya a daɗe. Bambancin giram da mililita kashi 9 ne cikin 100. Amma bambancin cokalin cin abinci na wannan gida da na wancan gida yana iya fin haka nesa ba kusa ba. Ki buɗe durowar cokula ki jera su, za ki ga wani mai zurfi, wani shafal kamar faranti, wani dogo, wani zagayayye. Da yawa daga cokulan cin shinkafa ba sa kai mililita 15. Cokalin shayi ma haka. Gwangwanin madara kuwa, wanda shi ne kofin awon gidaje da yawa, kamfanoni sun sha sauya girmansa, kuma lambar da ke jikinsa nauyin madarar ce, ba cikar gwangwanin ba. Mace za ta yi lissafinta daidai, giram 50 ta mayar cokali 3 da ƙarami 2, sannan ta auna da cokalin da bai kai ba, kek ya fito a bushe, ta ɗora laifin a kan obin ko fulawa.

Maganin wannan aikin rabin awa ne, sau ɗaya. Ki sayi sabon sirinji a kemis, mai mililita 20, ki cire allurar ki ajiye shi don kicin kawai. Ki ɗora cokalin da kika fi amfani da shi a kan tebur, ki tallafe mariƙinsa da wani abu don ya zauna daidai, kada ya karkata. Ki zuƙi ruwa mililita 20, ki riƙa ɗiga shi a hankali har ruwan ya zo daidai da bakin cokalin, ba ya yi tozo ba. Abin da ya rage a sirinjin ki cire daga 20. In 8 ya rage, cokalinki mai mililita 12 ne, kuma man zaitun da yake ɗauka giram 11 ne. Ki rubuta. Daga ranar, giram 100 a gidanki cokali 9 ne na wannan cokalin, ba 7 ba. Ki ware shi, ki ɗaura masa zare a mariƙi don kada ya ɓace cikin 'yan'uwansa.

In akwai sikeli, ko na maƙwabciya ne a ara, an fi sauri. Ki ɗora kwano, ki mayar da sikelin sifili, ki zuba ruwa cokali 10, ki raba abin da ya nuna da 10. Tunda giram ɗin ruwa shi ne mililitarsa, kin sami girman cokalin. Dalilin yin 10 maimakon 1 shi ne hannu ba ya cika cokali daidai kowane zubi, goma tana daidaita wanda ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan. Gwangwani da kofin shayi da ludayi, a cika su da ruwa sau ɗaya a auna ya isa.

Abin da ya fi duka sauƙi ga mai yawan yin abu ɗaya shi ne ta yi wa kanta kwalbar awon mai. A sami kwalbar gilashi mai faɗin baki kuma miƙaƙƙiya, irin ta mayonis ko ta jam, a wanke. A manna farin salatif a tsaye daga sama zuwa ƙasa. A zuba ruwa mililita 55 da sirinji, a ja layi, a rubuta "giram 50". A ƙara 55, a ja layi, "giram 100". Haka 165 ya zama giram 150, 220 ya zama giram 200. Sai a zubar da ruwan, a bar ta ta bushe sarai kafin mai ya shiga. Yanzu kwalbar da kanta take yin lissafin. Siririyar kwalba ta fi mai faɗi, domin a mai faɗi kaurin layin biro kaɗai yana iya cin cokali guda.

Wajen zubawa

A ajiye kofin a kan tebur ko kanta mai daidai, kada a riƙe shi a hannu. A sunkuya har ido ya zo daidai da layin. Wanda ya duba daga sama zai ga kamar man ya kai alhali da saura. Kofin da ake auna fulawa, wanda ake cikawa har baki, bai dace da mai ba, kafin a kai shi kwano ya zube a hanya. Jug mai layi a jiki wanda ya bar sarari a sama shi ne na abu mai zuba. Kuma kada a auna cokali a saman kwaɓin. Bakin kwalba yana iya kwararowa, abin da ya zuba ya zuba, ba a tsamo mai daga cikin fulawa.

Mai yana manne wa jikin abin awo. In an juye, a ba shi ɗan lokaci ya tsiyaye, sannan a kalace da cokalin roba ko da yatsa mai tsabta. Wannan ne ya sa auna giram 100 da cokali takwas ya fi kawo kuskure a kan auna shi sau ɗaya a kofi, kowane cokali yana riƙe nasa. In tsarin yana da zuma, ki fara auna man, sannan ki auna zumar a wannan cokalin ba tare da kin wanke shi ba. Za ta sulale gaba ɗaya ba tare da ta bar komai ba.

Ga mai sikeli

Sikelin kicin mai batir ya fi duk wannan, kuma duk mai yin kek ko burodi na sayarwa ya kamata ta mallake shi. Sai dai shi ma yana da halinsa. Da yawansu suna da maɓallin da ke sauya g zuwa ml. Wannan ml ɗin na ruwa ne, sikelin ba ya ganin abin da aka ɗora masa, giram yake aunawa ya sauya masa suna. In kika zuba mai har ya nuna 200 ml, giram 200 kika zuba, wato mililita 220 na gaskiya. Ki bar shi a kan g kullum, ki yi lissafin da kanki.

Ana ɗora kwanon kwaɓin, a danna maɓallin sifili, mai alamar T ko Z a yawancinsu, sannan a zuba. A tsaya saura giram 10, a ƙarasa da cokali. Ƙananan sikeli masu araha ba sa jin ɗigo-ɗigo a hankali, lambar takan tsaya cak sannan ta yi tsalle, don haka abin da bai kai giram 10 ba gara a auna shi da ƙaramin cokali. Wata dabarar ita ce a ɗora kwalbar man kanta, a mayar sifili, a ɗauke ta a zuba, a mayar. Lambar da ta fito da alamar ragi ita ce abin da ya fita. Wannan yana da amfani wajen suya, inda ba a iya ɗora kasko mai zafi a sikeli. Amma a yi sauri, don sikelin yakan kashe kansa bayan ɗan lokaci.

A kashe fanka ko a kauce mata, iskarta tana girgiza lamba. Batir in ya yi sanyi lambar takan riƙa yawo. Gwajin lafiyar sikeli shi ne ruwa: mililita 500 ya nuna giram 500, ko kusa ƙwarai. Sikelin kasuwa mai allura kamar agogo, irin na masu kaji da nama, na kilo-kilo ne, ba ya ganin giram 30.

Zafi da sanyi

Mai yana buɗewa da zafi. Lita guda da ta yi giram 913 a digiri 20 za ta koma wajen giram 900 a digiri 40, irin zafin watan Afrilu a Kano. Cokali guda ke nan a lita, wanda a kek ɗin gida ba abin damuwa ba ne. Abin da ya fi shafar awo shi ne sanyi. Man zaitun da aka sa a firji yakan yi gajimare, ya yi kauri, wani har ya daskare, kuma a tsakiyar hunturu ma wanda ke ɗaki mai sanyi yana iya yin hazo-hazo. Bai lalace ba. Amma mai kauri yana yin tozo a cokali kuma yana manne wa kofi fiye da kima. A tsoma kwalbar a ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, har ya washe, sannan a auna. Wurin ajiyarsa kabad mai duhu, nesa da murhu da taga, a rufe bakin da kyau, domin haske da zafi da iska su ke sa shi ya yi ɗaci da warin tsufa.

Irin man bai sauya lissafin ba. Na tatsar farko mai kore-kore da ƙamshi, da wanda aka tace mai haske, da na tunkuzar zaitun mai araha, duk 0.91 ne. Man gyaɗa da na waken soya ma kusan nan suke, don haka wannan jadawalin zai yi miki aiki a kansu. Wannan yana nufin wani abu da ya kamata a faɗa a fili: sikeli ba ya tona man zaitun na jabu. In an gauraya shi da wani man, nauyin ba zai nuna ba. Daskarewa a firji ma ba hujja ba ce. Abin dogaro shi ne a sayi mai hatimi a murfi, da lambar NAFDAC, da kwanan wata, a wurin da aka yarda da shi.

Inda awon ke da muhimmanci, da inda ba shi da shi

A miya, ko suyar albasa, ko kwaɗon zogale, in aka ce giram 30 kika zuba cokali 2, shi ke nan, babu wanda zai ji bambanci. Haɗin salak kuwa da cika ake yinsa tun asali, mai kashi 3, ruwan lemon tsami ko khal kashi 1, da kowane cokali aka yi daidai ne muddin shi ɗin aka yi amfani da shi a duka biyun.

A abin gashi ne ake jin sa. Kek ɗin da aka tsara da giram 200 aka zuba masa mililita 200 ya rasa giram 18, fiye da babban cokali. Zai gasu, amma zai fi saurin bushewa, washegari ya fara marmashi. Kuskuren ta ɗaya ɓangaren, a ce mililita 200 a auna giram 200, yana kawo ƙarin mililita 20, kek ya yi nauyi, gindinsa ya yi danƙo, takardar gashi ta jiƙe da maiƙo. Masu burodi da nauyin fulawa suke lissafa komai. In tsarin ya ce mai kashi 3 cikin 100, to kilo 1 na fulawa yana son giram 30, mililita 33. A buhu mai kilo 50 kuwa kilo 1 da rabi ne, wato lita 1 da mililita 650. Wanda ya zuba lita 1 da rabi ya rage mililita 150 a kowane buhu.

Sauya bota da man zaitun lissafi biyu ne a jere. Bota ba zallan mai ba ce, kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran yawanci ruwa. Don haka giram 200 na bota ana maye shi da giram 150 zuwa 160 na man zaitun, wato mililita 165 zuwa 175, sannan a ƙara madara ko ruwa babban cokali 2 a madadin ruwan da ke cikin botar. Wadda ta zuba mai giram 200 cif za ta sami kek mai naso. Botar shafa burodi ta roba wata ba ta kai kashi 80 ba, a duba jikinta. Kuma ba ko'ina sauyin ke yiwuwa ba. Kek ɗin da ake fara buga bota da sukari har su yi fari, iskar da botar ta riƙe ce ke taimaka masa ya tashi, mai kuwa ba ya riƙe iska. Ɓawon mitfai ma daskararren mai yake so. Inda tsarin ya ce a narka botar, nan ne man zaitun ke shiga ba matsala.

Mai lissafin abin da take ci saboda ƙiba ko umarnin likita, babban cokali guda na man zaitun kalori 120 ne ba kaɗan. Giram 100 kalori 884 ne, mililita 100 kuma wajen 800, don haka a duba wanne takardar kwalbar take nufi. Masu haɗa sabulu da man zaitun kuma, wannan jadawalin ba nasu ba ne. Soda da nauyin mai ake lissafa ta, a nan sikeli kawai.

Lissafin mai sana'a

A ce an ba ki odar kek huɗu na biki, kowanne yana cin giram 120. Jimla giram 480. Kin shiga kasuwar Singer ko ta Sabon Gari kin ɗauki kwalba mai 500 ml, a ranki har da ragowa. A kek na huɗu za ki ga kwalba ta ƙare saura giram 25, domin giram 455 ne a cikinta, abin da kike buƙata kuwa mililita 528 ne. Kafin a fita sayayya, a haɗa giram ɗin duka, a ƙara ɗaya bisa goma, sannan a ƙara cokali ɗaya ko biyu na abin da zai manne a kwalba da kofi.

Wajen fitar da farashi ma haka. Kuɗin kwalba mai 500 ml da 455 ake raba shi, ba da 500 ba. A ɗauka, don misali kawai, an sayi kwalbar naira 9,100. Giram guda ya kama naira 20. Wadda ta raba da 500 za ta sami naira 18 da kwabo 20, a kek mai cin giram 150 ta rubuta naira 2,730 maimakon 3,000. Naira 270 ta fita daga ribarta a kowane kek ba ta sani ba. In kuma ana kwatanta gwangwani biyu, ɗaya an rubuta lita ɗaya an rubuta kilo, a mayar da su awo guda kafin a duba farashi: gwangwani mai lita 5 kilo 4 da giram 550 ne, mai kilo 5 kuma lita 5 da rabi. Kwalba mai 250 ml tana ba da babban cokali 16 da 'yan kai, mai 500 ml cokali 33, mai lita guda cokali 66.